DARASIN LAFIYA: Bambancin Ƙwayar Halitta Mai Lafiya da Ƙwayar Ciwon Daji

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi cutar da mutanenmu ba su cika son kama sunanta ba. Wasu na ce mata daji, wasu sankara, 'yan boko kuma su ce kansa. Idan ta kama mutum a garuruwanmu na Jibiya, Batsari, Kaita da kewaye, sai raɗe-raɗi ya tashi. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce sammu, wani kuma ya ja 'ya'yansa gefe ya ce kada su ci tuwo kwano ɗaya da majinyacin. Kafin a gama gardama watanni sun shuɗe, alhali a wannan cuta ba abin da ya kai lokaci tsada. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 127,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Saboda haka muka ga ya kamata mu sauka har gindin maganar, wato ƙwayar halitta ita kanta, mu ga yadda mai lafiya take, mu kuma ga inda ta daji ta saɓa mata.

Tubalin jiki

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu suna a 1665, da ya duba ɓawon itace ya ga ya kasu kamar ƙananan ɗakuna. A jikin baligi akwai kimanin tiriliyan 30, iri sama da 200: na fata, na hanta, na ƙashi, na jini, na ƙwaƙwalwa, kowace da aikinta.

A tsakiyar ƙwayar akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai rubutun gado da masana ke kira DNA. Da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi, amma tsawonsa ya kai baƙi biliyan 6, an naɗe shi ƙunshi 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Cikinsa akwai umarni wajen 20,000. Su ke gaya wa ƙwaya abin da za ta zama, da aikin da za ta yi, da lokacin da za ta hayayyafa, har da lokacin da za ta mutu.

Jiki kullum cikin sabuntawa yake. Jar ƙwayar jini kan yi kwana 120 ta mutu, ɓargo ya aiko da wata. Shimfiɗar cikin hanji kan canja cikin 'yan kwanaki. Hanyar ƙaruwar kuwa ɗaya ce: ƙwaya ta kwafe rubutun gadonta kaf, sannan ta rabu biyu. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya tabbatar a 1855 cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar ta fito. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin darasin. Ƙwayar daji ba baƙuwa ba ce kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta tarin fuka. 'Yar gida ce. Tsatson hantar mutumin ce, ko nononsa, ko hanjinsa, wadda rubutunta ya gurɓata. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar ciwon daji ta gaisawa, ko cin abinci tare, ko wanke wa majinyaci tufafi. Mai gudun ɗan'uwansa saboda wannan tsoro ya ƙara masa ciwo a kan ciwo ne a banza.

Shingaye a kan hanya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san ba a wucewa haka nan. Kafin a kai Magama an tsaya a shinge ba ɗaya ba, a bakin iyaka ga kwastan ga jami'an shige da fice, a tsallaka Ɗan Isa kuma a sake nuna takarda. Ƙwayar da za ta rabu biyu ma haka take. Ba mu muka ƙago wannan misali ba, masanan da kansu shingen bincike suka kira wuraren, kuma a 2001 aka ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse lambar Nobel saboda gano yadda ake tafiyar da wannan rabuwa. A shinge na farko ana duba ko akwai bukatar sabuwar ƙwaya, da ko rubutun lafiya yake. A na biyu ana duba ko an kwafe shi daidai. A na uku ana tabbatar da cewa ƙunshi 46 ɗin nan sun jeru yadda kowace 'ya za ta sami rabonta cif.

Babban jami'in waɗannan shingaye wani sinadari ne da ake kira p53, wanda aka gano a 1979. Idan ya ga kuskure a rubutu, sai ya tsai da tafiya har a gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya ba da umarni ƙwayar ta kashe kanta, ta narke cikin tsari, maƙwabta su share wurin. Kada wannan ya ba mu tsoro, biliyoyin ƙwayoyi ke mutuwa haka a jikinmu kowace rana, kuma da irin wannan mutuwa ce yatsun ɗan tayi ke rarrabewa a cikin mahaifa. A kusan rabin dukan ciwon daji na 'yan Adam, in aka bincika, sai a tarar umarnin da ke samar da p53 ya lalace. Shingen na nan, amma ba kowa a bakinsa.

Bayan haka, ƙwaya mai lafiya ba ta rabuwa sai an aiko mata da saƙo, kuma tana jin maganar maƙwabta. Mu dubi yankan wuƙa a yatsa. Ƙwayoyin gefen ciwon kan hayayyafa su rufe gurbin, amma da zarar sun haɗu da juna sai su tsaya cak. Ƙwayar daji ba ta jiran saƙo, ba ta kuma tsayawa don ta taɓa wata, sai dai ta hau kanta, su yi ta taruwa har su zama ƙari. Direbobi za su gane abin da sauri: mota ce da totur ya maƙale a ƙasa, birki kuma ya tsinke.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai kurakurai da dama sun taru a zuriyar ƙwaya guda, ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa cikin shekaru masu yawa. Shi ya sa cutar ta fi yawa ga waɗanda suka manyanta. Kaɗan ne kawai, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ke da tushe a kuskuren da aka gada daga iyaye.

Wadda ta ƙi tsufa, ta ƙi aiki

A 1961 Leonard Hayflick a Amurka ya nuna cewa ƙwayar mutum mai lafiya, in aka rene ta a kwalba, takan rabu sau 40 zuwa 60 ne ta daina. Dalili shi ne a ƙarshen kowane ƙunshin gado akwai ɗan ƙulli kamar wanda ake yi wa bakin igiya don kada ta warware, kuma kowace rabuwa tana rage shi. In ya ƙare, ƙwaya ta tsufa ke nan. Yawancin ƙwayoyin daji kuwa sun buɗe wani sinadari da ke sake saƙa ƙullin, saboda haka ba su da wa'adi. Shaida a kan wannan ita ce labarin Henrietta Lacks, wata baƙar fata da ta rasu a 1951 a birnin Baltimo tana da shekara 31, sanadin dajin bakin mahaifa. An ɗebi ƙwayoyin ƙarin nata ba tare da an nemi izininta ba, abin da bai dace ba ko kaɗan, kuma har yau zuriyar waɗannan ƙwayoyi na hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, shekara fiye da 70 bayan an binne mai su.

Ƙwaya mai lafiya takan girma ta kama sana'a. Ta hanta ta tace jini, ta nono ta yi nono, farar ƙwayar jini ta yaƙi cuta. Ta daji kuwa ba ta kai ga balaga, ba ta wani aiki sai ci da haihuwa. A dajin jini, ɓargo kan cika da fararen ƙwayoyi marasa amfani har su hana na kirki fitowa, sai ka ga yaro ya ɗashe, zazzaɓi ba ya barinsa, dasashi na zubar jini. A ƙarƙashin madubi ma bambancin a fili yake. Masu lafiya kamarsu ɗaya, a jere kamar kunyoyin gona. Na daji kuwa wata babba wata ƙarama, cibiyarsu ƙatuwa, baƙa, mai karkace. Da wannan ne likitan gwaje-gwaje ke yanke hukunci, shi ya sa ake yankar ɗan nama kaɗan daga ƙari a aika masa. Taɓawa da hannu ko kallo da ido, ko na likita ne, ba ya tabbatar da daji.

Ga kuma haɗama. Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin daji na shan sukarin jini fiye da kima. A 1971 Judah Folkman ya kawo bayanin cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kamar ƙwayar gero, sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, kamar mai fasa bututun unguwa ya karkata ruwan zuwa gidansa. Wannan haɗama, tare da sinadaran da ƙarin ke zubawa cikin jini, na cikin abin da ke sa majinyaci ramewa ko da yana cin abinci. Amma a nan sai mu ja kunne. Wasu sun ji wannan sai suka ce a hana majinyaci sukari da tuwo don yunwa ta kashe dajin. Ba haka abin yake ba. Jiki na ƙera sukarinsa ko daga tsokar mutum, ƙarin zai ci, majinyacin ne zai galabaita.

Ƙetare iyaka

Yanzu mun iso bambancin da ya fi kowane nauyi. Ba kowane ƙari ne daji ba. Ƙarin kitse da ke fitowa a wuya ko a baya, da ƙarin mahaifa da ke damun mata da yawa, da galibin ƙululun nono na 'yan mata, duk ƙwayoyi ne da suka yi yawa, amma suna zaune a inda suke, sau da yawa cikin jakarsu. Suna iya takura wa mutum, a cire su, magana ta ƙare.

A jiki kowane sashe na da iyakarsa. Ƙarƙashin fata, da shimfiɗar hanji, da bututun nono, da bakin mahaifa, akwai wani siririn tantani da ƙwayoyin sama ba sa ratsawa. Ƙwaya mai lafiya a manne take da 'yan'uwanta, in ma ta ɓalle takan mutu. Ta daji kuwa takan saki hannun maƙwabta, ta fitar da sinadarin da ke narka tantanin, ta kutsa. Mutanen Jibiya sun shaida cewa lokacin da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, shinkafa ba ta daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba. Ɓarayin hanyoyin ƙwayar daji su ne jijiyoyin jini da magudanan ruwan jiki masu bi ta kaluluwa. Shi ya sa likita, in mace ta kawo ƙululu a nono, yakan laluba hammatarta: yana duba ko an riga an wuce zangon farko. Daga nan sai huhu, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Kuma duk inda ta sauka ba ta canja asali. Dajin nono da ya kai ƙashin baya, ƙwayoyin nono ne ke tsiro a ƙashi, da maganin dajin nono ake bin sa. Mafi yawan waɗanda wannan cuta ke kashewa, wannan yaɗuwar ce ke kashe su, ba ƙarin farko ba.

Jiki na da 'yan sintirinsa, wato dakarun garkuwar jiki, kuma suna kama ƙwayoyin da suka kauce suna hallakawa ba tare da mun sani ba. Sai dai mai fasa-ƙwaurin nan ɗan gari ne, fuskarsa sananniya ce, wani lokaci har yakan nuna wata alama da ke sa ɗan sintiri ya sauke makami. Gano yadda za a toshe wannan alama ne ya sa aka ba James Allison da Tasuku Honjo lambar Nobel a 2018. Magungunan da suka fito daga binciken nasu suna aiki ga wasu ire-iren daji, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talakanmu nesa ba kusa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a cikinsa ne gaggawar take. Ƙwaya ɗaya ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8. Sai an ninka sau 30 kafin a kai biliyan ɗaya, wato ƙululu mai faɗin santimita guda, kamar ƙwayar gyaɗa, wanda yatsa zai fara ji. Ƙarin ninki 10 kacal a kan wannan, ya kai nauyin kilo guda. Ashe ranar da mace ta fara jin ɗan abu a nononta, cutar ta riga ta ci kashi uku cikin huɗu na wannan tafiya. Abin da ke yaudarar mutane kuma shi ne a farko ba ya ciwo. Sai a ce ai ba ya zafi, a bari a gani, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya, ko a ɗaura masa ganye har ya fashe ya zama gyambo. Ba mu raina wanzamai ba, amma aska ba ta kai inda ƙwayoyin nan suke, sai dai ta buɗe ƙofa ga ruɓewa, ta kuma cinye watannin da tiyata za ta yi amfani.

Me ke gurɓata rubutun a ƙasarmu?

Wasu kurakuran daga kwafar ce kawai, ba laifin kowa. Wasu kuwa muna iya rage su. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai wajen 70 masu jawo daji, wannan sananne ne. Wanda ba a cika sani ba yana cikin rumbunanmu. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi kan yi fumfuna, fumfunar kuma na fitar da dafin da ake kira afalatoksin. An gano shi bayan 1960, lokacin da dubban talotalo suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa. A 1991 masu bincike suka nuna cewa a ƙasashen da ake yawan cin wannan dafi, dajin hanta na ɗauke da kuskure a wuri guda tak cikin umarnin p53. Wato dafin kan je ya buge jami'in shingen ne kansa. Suya ba ta kashe shi, tafasa ma haka. Don haka matan da ke yin ƙuliƙuli da mai, da masu auno a kasuwa, su tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci su zubar, kada a ce a bar wa yara. A shanya amfanin gona ya bushe sarai a kan tabarma ko leda kafin a zuba a buhu.

Haɗarin na ninkuwa idan mutum na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ke bi ta jini, daga uwa zuwa jariri, ko ta aska da reza da allurar da aka yi tarayya, ko ta saduwa. Tun 2004 rigakafinta ke cikin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Wadda ta haihu a gida kada ta jira a yi suna.

Dajin bakin mahaifa shi ma ƙwayar cuta ce ke buɗe masa hanya, wadda ake kira HPV. Harald zur Hausen na Jamus ya gano alaƙar a farkon shekarun 1980. Ƙwayar na ƙera sinadarin da ke lalata p53, nau'i biyu kuma daga cikinta, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. A 2020 mata wajen 12,000 suka kamu a Nijeriya, 8,000 suka rasu. Muna so a ji wannan da kunnen basira: ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a tsakanin mutane, matar da ba ta san kowa ba sai mijinta ma tana iya samunta, don haka cutar ba abin gori ba ce, ba kuma dalilin ɓoyewa ba. Daga shigar ƙwayar zuwa daji akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, kuma a tsakanin nan gwaji mai sauƙi na nuna ƙwayoyin da suka fara sauya kama tun ba su ratsa tantanin nan ba, a ƙone su ko a daskarar da su cikin 'yan mintoci. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya, Jihar Katsina kuma ta shiga a 2024. Mun ji masu cewa allurar na hana haihuwa. Ba a sami hakan ba a ƙasashen da suka fara yin ta tun 2006. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne dajin.

Ga yara kuma akwai wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yana cikin masu saurin girma, amma kuma yana cikin masu jin magani in an kai yaro da wuri.

Yadda magani ke cin moriyar bambancin

Muddin ƙari bai ƙetare iyaka ba, tiyata na iya cire shi ɗungurungum. Gashi da haske mai ƙarfi na farfasa rubutun gadon ƙwayoyin wurin; masu lafiya sun fi iya gyara nasu, na daji kuwa masu gyaransu sun riga sun raunana. Ruwan maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wato kemoterafi, yana farautar duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Tun da tushen gashi da shimfiɗar hanji da ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne, sai gashi ya zube, amai ya taso, jini ya ragu. Da yawa kan gudu a wannan gaɓa su ce maganin ya fi cutar. Ƙwayoyin masu lafiya suna farfaɗowa, gashi na dawowa, don su ne ma ake ba da hutun makonni tsakanin zagaye da zagaye. Wanda ya yanke a tsakiya kuwa ya kashe raunanan ƙwayoyin dajin ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

Da can mai bukatar gashi da haske daga yankinmu sai ya nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2025 an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka kuma suna da cibiyar ƙasa a Yamai, wadda ta fara wannan gashi a 2021. Wanda ya ji ƙululu a nono ko a wuya ko a hammata, ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko jini a bayan gida ko fitsari, ko rama ba dalili, ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi takardar turawa gaba in an ga bukata. In an yanki ɗan nama don gwaji, a tambayi ranar da sakamako zai fito, a koma a karɓa, a kuma tafi da wani ɗan'uwa mai iya karatu wanda zai riƙe takardun wuri ɗaya.